Farfelar Kawu Manu Ta Je Kandi

Tun da na dawo daga Kandi ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya leƙo shagona na bakin kasuwar Bagudo, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Tela, wai da gaske jirgin sama kunka kai Benin bisa babur?" Ba jirgi muka kai ba, jama'a, farfelarsa ce, ita ma ta katako. Ina ba da labari ina taka keke har na ɗinke wa wani bawan Allah bakin aljihu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Farfelar ta Kawu Manu ce, wan mahaifiyata, da ke zaune a Kaoje. Tun muna yara muke ganinta a ɗakinsa, rataye a kwance da igiya biyu can kusa da rufi. Ta ɗan fi dogon mutum tsawo, tsakiyarta da kauri da ramuka, bakunanta biyu an lulluɓe su da tagulla, shekaru sun mayar da ita launin busasshen goro. Baƙo in ya shiga yakan ɗauka filafilin kwale-kwale ne. Kawu yana da labarin yadda ta zo gidan, amma da zarar ya gyara murya ya ce, "Shekarar da jirgin nan yas sauka," sai kowa ya tuna yana da uzuri a waje. Yanzu tsufa ya kama shi sosai, idanunsa ma sun yi rauni.

Abin da ya ɗaga hankalin gidan shi ne masu neman jan makuri. In ba ku san su ba, ni na san su, don sun sha zuwa shagona suna lallaɓar tsohon kekena. Cewa suke Turawan da sun ɓoye wani jan ruwa a cikin kayansu, keken ɗinki ne, dutsen guga ne, agogon bango ne, wai cokali ɗaya zai saya wa mutum gida a Abuja. Gwajinsu kuwa shi ne a kara waya a jikin abin, in sabis ya ɗauke to akwai shi. To a Kaoje ko a jikin akuya ka kara waya sabis zai ɗauke.

Bello, babban ɗan Kawu, wanda ke da rumfar cajin waya, shi ya hau kujera ya kara tasa. Sabis ya ɗauke. Daga ranar shi da ƙannensa suka ƙudura sai an sa zarto an raba tsakiyar farfelar. Kawu ya ce ba a gidansa ba. Sai 'ya'yan suka rage zuwa gaisuwar safe, shi kuma ya daina fita ko masallaci, yana tsoron ya dawo ya tarar an sauke ta. Da mahaifiyata ta aike ni duba shi, na same shi zaune shi kaɗai a ƙarƙashinta, sandarsa a kan cinya kamar mai gadin kanti. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Akwai wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Dendi da nake yi wa ɗinki, shi ya taɓa ba ni labarin wani dattijo a Kandi da ake kira Mushe Woru, wato Malam Woru a Faransancinsu, wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran ƙananan jirage a Kwatano kafin ya yi ritaya ya koma gida. Na kawo shawara a kai masa ya duba.

Kawu ya ce, "Ku tahi da ita. In yac ce akwai abin nan ciki, ku hwasa. In yac ce babu, kowa shi ɗauke idonai daga gare ta."

Bello ya ce, "Ƙahwata ƙahwar Tela. Ɗan mace ba a ba shi amanar dukiya."

Ni da Bello taubasai ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, don haka ba ma raga wa juna. Na ce masa ya zo, dama ina neman ɗan dako.

Muka naɗe ta da tsohon bargo, muka ƙara da sabuwar tabarma, muka ɗaure kai da ƙafa. Bello na tuƙi, ni ina baya na ɗora ta a gicciye a kan cinyata. Ba mu lura da abin da muka haɗa ba sai da muka fara wuce ƙauyuka. Masu zaman inuwa suna miƙewa tsaye, mata masu tallan nono suna ratsewa gefe suna salati. Wani dattijo ya biyo mu da kekensa yana haki har ya cim mana a wurin wani rami.

Ya ce, "Allah shi jiƙan rai. Wa yar rasu? Kuma don mi kunka ɗauko shi haka, ba makara?"

Sai da muka kwance bakin tabarmar ya ga tagulla sannan ya yarda. Ya tafi yana faɗa, wai mun sa ya karanta ƙulhuwallahu ga katako.

Hanyar Tsamiya ta zuwa kan iyaka kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Abin da zan ce kawai, duk ramin da Bello ya faɗa, farfelar a ƙugu take rama mini. A kan iyaka aka sa muka buɗe ta gaba ɗaya. Wani jami'i ya zagaya ta, ya tambaya ko tana cikin kayan tarihin da ba a fita da su. Ni kuwa ban taɓa tunanin haka ba. Na rantse masa gani kawai za a yi a dawo da ita. Ya ɗauke mu hoto da ita, ni a wannan baki Bello a wancan, ya ce yana nan yana jiran ya ga ukunmu mun dawo.

A ɓangaren Benin ba farfelar ce ta dame su ba, kawunanmu ne. Can ba a hawa babur ba hular kwano, kuma ba maganar a yi haƙuri. Dole muka saya a wata rumfa da ke nan kusa, wadda na tabbata mai ita da irinmu yake ci. Bello ya ƙi cire hularsa ta saƙi, ya kifa kwanon a kanta, ya zauna masa can sama kamar murfin tukunyar da ta yi wa tukunya kaɗan. Haka muka shiga Segbana ana nuna mu.

A nan muka kwana, a gidan wani mai masauki da ya ce kakanninsa daga Jega suka zo. Hausarsa tana nan daram irin tamu, sai dai kowace magana sai ya buɗe ta da "bon" ya rufe da "dakor", wato "to" da "shi ke nan" na Faransanci. Matarsa ta kawo mana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki an yanka cukun Fulani da suke kira wagashi, bayansa ja cikinsa fari. Mu a gida cuku abin ci ne a tafe, su kuwa nama suka mayar da shi. Bello ya fara da cewa shi bai saba ba, ya ƙare da suɗe kwano. Da safe aka kawo koko da wani burodi dogo siriri mai tauri, wanda in faɗa ya tashi za ka iya kare kanka da shi.

Muka bar babur a gidan, muka nemi motar Kandi. Direba ya ce a ɗaure farfelar a sama tare da buhunan masara da kaji. Bello ya yi tsalle ya dire, wai rana za ta narkar da makurin. Aka yi ta ja-in-ja da Dendi da Hausa da hannu, har aka daidaita a kan za ta shiga ciki amma a biya mata kujera. Aka zura ta ta baya, ta bi ta kan kafaɗun fasinjoji, bakinta ya tsaya dab da kunnen direba. Wata mata mai jiki da ta danne wa ɗankwali ta juyo ta ce da guntuwar Hausarta, "Amaryarku ba ta gaisuwa?" Kafin mu yi nisa ita ce ke riƙe da ita in an zo gargada. Manyan motocin auduga suna ta wuce mu, duk ciyayin bakin hanya sun yi fari da abin da iska ke fizgewa.

A cikin motar ne Bello ya kawo wata shawara, kuma ni ma ta shige ni. Ya ce ko saniya za ka kai kasuwa sai ka wanke ta, ina dalilin kai wa masani kaya duk dauɗa? In mun sauka mu sayi samfefa mu goge ta tas, mu shafa mata fenti mai ƙyalli, yadda ko babu makuri za ta yi daraja. A matsayina na tela na san riga ba guga ba ta sayuwa. Na ce madalla.

Mun isa Kandi rana tsaka, muka tarar da gari kamar an yi shara. Shagon fenti a rufe, na kusa da shi a rufe, ofisoshi a rufe. Muka tambayi wata mai sayar da ruwa ko rasuwa aka yi. Ta ce a'a, hutun rana ne, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai rana ta yi sanyi za a buɗe. Bello ya riƙe baki.

"Barci? Da rana tsaka, ranar kasuwanci? Tela, mutanen ga lahiyarsu ƙalau?"

Ni dai a raina na ce da za a kawo wannan al'ada Bagudo da ban ƙi ba. Muka zauna gindin dalbejiya muna gadin amarya har aka yi la'asar. Mai fentin bai dawo ba, haƙurin Bello ya ƙare, muka ce a tafi haka nan.

Gidan Mushe Woru ba wuyar samu, duk ɗan acaɓa ya san shi. Dattijo ne gajere mai furfura, da gajeren wando da tabarau rataye a wuya. Yana jin Hausar kasuwa sarai. Muka kwance tabarmar a gabansa. Ya sa aka kawo kujeru biyu da matasai, ya ce a kwantar da ita a hankali. Ya bi ta da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, yadda mai sayen doki ke shafa wuyansa.

Ya ce, "Bon. Wa ya ajiye wannan?"

Bello ya ce, "Babana."

"A ina?"

"Rataye cikin ɗaki, kwance."

"Babanka ya san abin da yake yi. Ba rana, ba ruwa, gara ba ta kai gare ta ba. Kun goge ta da wani abu?"

Muka dubi juna. Na ce mun so mu yi, mai fenti ne ya tafi barci. Dattijon ya ɗaga hannu sama ya yi wata magana da Faransanci, wadda na fahimci godiya ce ga Allah. Ya ce masu sayen irin wannan tsufan suke saye. Wannan baƙin da muke kira dauɗa, da ɗan guntun tambarin kamfani da ya nuna mana ya kusa shafewa, su ne shaidarta. In samfefa ta bi ta kai, rabin darajar ta tafi.

Ya ɗauko ƙyalle mai laushi ya share gefen tsakiyar, sai ga lambobi da haruffa an buga su cikin katakon. Shekara da shekaru muna kallon abin nan ba wanda ya san suna wurin. Ya ce wannan tsawonta ne, wannan yawan murɗinta, wannan kuma lambar da masu ƙira suka ba ta. Ya nuna mana ramukan ƙusoshi shida da suka kewaye babban ramin, da wani zagayayyen gurbi inda ƙarfe ya danne katakon ya bar sawu. Wannan sawun, in ji shi, shi ke nuna an taɓa ɗaura ta a inji ta tashi sama, don akwai waɗanda ake sassaƙawa don ado kawai, ba su taɓa barin ƙasa ba. Ta ƙaramin jirgi ce mai ɗaukar mutum biyu ko uku, irin waɗanda suka yi yawo a ƙasashen nan bayan yaƙin duniya na biyu. A baki ɗaya tagullar ta lotsa, katakon ya ɗan tsage. Ya ce nan ta daki ƙasa, shi ya sa aka cire ta.

Bello duk bai ji wannan ba. Ya matsa kusa ya rage murya.

"Mushe, makurin hwa? Ta ina aka zuba shi?"

Dattijon bai yi dariya ba, kuma na ji daɗin haka. Ya ce shi ma wani ɗan ƙanwarsa ya farfasa keken ɗinkin mahaifiyarsu a kan wannan magana. Ya kama hannun Bello ya ɗora a gefen tsakiyar, ya ce ya duba da kyau. Ashe ba gungume ɗaya ba ne, falle-fallen katako ne aka jera aka manne, ana ganin layinsu kamar shafukan littafi. Ba rami, ba aljihu. Sannan ya zura wani bututun ƙarfe a babban ramin, ya sa muka riƙe bututun ni da Bello, ya saki farfelar. Ta yi ɗan lilo ta tsaya kusan daidai, bakin da ya tsage ya ɗan ɗaga sama.

Ya ce, "Ka gani? Ɗan abin da ya ɓalle a can ma ta nuna. Abin nan yana juyawa da gudun da ido ba ya gani. In da ruwa a cikinta, ko cokali ɗaya, da ta girgiza jirgin har ya wargaje."

Bello ya ce, "Amma sabis ya ɗauke."

Mushe ya ɗora wayarsa a kan farfelar ya kira matarsa. Muna ji ta yi ƙara a cikin gida, matar ta leƙo tana tambayar me kuma yake so.

Bello ya saki bututun. Ya samu bakin dakali ya zauna. Duk tsiyar da na tanadar masa tun daga Kaoje sai na kasa yi, don na san abin da ya ci buri a kai. Rumfarsa kowace damina sai ruwa ya shige ta, so yake ya gina shago na bulo a kan tudu. Tausayinsa ya kama ni.

Ni na tambayi darajarta. Mushe ya ce kada mu sa rai da gida. In an dace da mai so, kuma yawancinsu a ƙasashen waje suke, suna rataye ta a bango ne, za ta iya yin kuɗin sabon babur, ko ƙasa da haka saboda tsagewar. In an raba ta biyu kuwa, sai dai a dafa shayi da ita.

Ya ci gaba, "Amma akwai abin da ke ɗaga ta. Mai saye zai tambaya, wane jirgi ne, ina ya sauka, wa ke ciki, yaya ta zo hannunku. Lambobin nan za su gaya mini irin injin, zan tambayi abokaina. Sauran ba ya jikin katako. Farfela mai labari da marar labari ba kuɗinsu ɗaya ba. Akwai wanda ya sani?"

Bello ya ɗago a hankali. "Babana."

"Yana da rai?"

"Shina da rai."

"To me kuke yi a nan? Ni rabi kawai na sani."

Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ɗauki hotunan lambobin, matarsa ta cika mana leda da soyayyen wagashi, ya sa aka kai mu masauki a zango. Washegari muka juyo. A mota Bello bai yi gardamar kujera ba, ya biya, kuma shi ya rungume ta har Segbana. Jami'in kan iyaka ya duba hotonsa ya dube mu, ya ce ukunmu mun cika, sai dai ɗaya ya rame.

Da yamma liƙis muka shiga gidan Kawu. Bai tambaye mu komai ba sai da aka kwance ta, ya bi ta da hannu tun daga wannan baki har wancan, ya tabbatar ba inda zarto ya taɓa. Bello da kansa ya faɗi abin da aka ce, bai rage ba, har da maganar fenti. Sannan ya aika aka kira ƙannensa, ya kunna wayarsa ta ɗauki murya, ya ajiye a gaban tsohon. Ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin lissafin babur ne a ransa.

"Baba, ba mu labarin jirgin."

Kawu ya juya fuska wajen muryar, kamar bai yarda da kunnensa ba. Ya gyara zama ya ce, "Shekarar da jirgin nan yas sauka," ya ɗan dakata. Ba wanda ya tashi.

Ashe yana saurayi ne, ya raka mahaifinsa fataucin bandar kifi can bayan Segbana. Wani ƙaramin jirgi ya sauko a wata fadama, hancinsa ya daki ƙasa. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka watse, mahaifinsa ne ya je ya fito da Baturen da ke ciki. Suka fasa tafiyarsu suka zauna gadin jirgin, suna ciyar da mutumin tuwo da kifi har aka kawo masa sabuwar farfela daga kudu. Da zai tashi ya ba su tsohuwar. Suka ɗauko ta a ka, a ƙasa, uban a gaba ɗan a baya.

Kawu ya ce, "Ita ce tahiyata ta hwarko da shi, ita ce ta ƙarshe. Damanar nan yar rasu. Duk abin da yab bari ya ƙare, gona ruwa ya ci, rigunanai sun mutu. Wagga ɗai ta rage da munka ɗauka tare." Ya shafa tagullar. "Bayan raina ku saisuwa, ban hana ba. Amma ku saishe ta ɗungum."

Ni kaina sai da na share ido da hannun riga. Wayar Bello ta yi ƙara alamar caji ya ƙare, ta mutu, shi mai rumfar caji guda. Ƙaninsa ya yunƙura zai je ya ɗauko wata, Bello ya riƙe masa riga ya zaunar da shi. Ya ja jiki ya matsa har gwiwarsa ta taɓa ta tsohon.

"Bar ta. Baba, ci gaba. Da kunka iso Tsamiya, sai mi?"